Saƙon da ke Yin Sallama: Yadda A ke Sa Sanarwa cikin Manhajar Wayar Hannu mai Gida Biyu



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, don kuwa bai wuce layi biyu na rubutu da kan faɗo a saman fuskar waya ba, tare da ɗan ƙara ko girgiza. Ɗalibai suna kiransa notifikeshan. Masu aikin kwamfuta kuwa suna da wani suna na Ingilishi da su ke ba shi, wanda ma'anarsa ita ce sanarwar da aka turo. Na so in fassara shi da "sanarwar turawa", sai na ga za ku zaci ta Nasara na ke nufi. Saboda haka na zaɓi in kira shi sanarwar sallama, domin halinsa halin baƙo ne, wanda ba ka aika a kira shi ba, shi ne da kansa ya zo ƙofa ya yi sallama.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshen wannan lacca. A ƙaddara jami'a tana da manhajar da ɗalibai ke duba tsarin karatu da sakamakon jarrabawa. Ran nan da ƙarfe 7 na safe aka tarar rufin ɗakin da za a yi jarrabawar ƙarfe 9 ya yi yoyo, aka mai da jarrabawar wani ɗaki can ƙarshen makaranta. Magatakarda yana da awa biyu ya sanar da ɗalibai ɗari shida, waɗansu suna ɗakin kwana, waɗansu suna cikin mota daga gari. In saƙon ya isa, babu wanda zai yi maganarsa. In kuwa bai isa wajen mutum goma ba, to, mutum goma sun maimaita kwas. Tambayar da za mu bi ita ce: ta wace hanya wannan saƙo ke bi, kuma a ina ya kan maƙale?

Da farko dai ya kamata mu san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan tsari. Waɗanda suka yi aikin ofis a zamanin akwatin gidan waya sun san yadda a kan aiki masinja ya je ya duba ko akwai wasiƙa. In ana jiran takarda mai muhimmanci, sai ya yi sawu uku ko huɗu a yini, galibi ya komo hannu rabbana. Haka manhajojin farko suka yi. Kowace ta kan farka bayan 'yan mintoci, ta tambayi babbar kwamfutar kamfaninta, wadda ma'aikata ke kira saba, ko akwai labari. To, in waya tana da manhaja talatin, masinja talatin ke nan suna ta safa da marwa, kuma kowane sawu yana cin batir yana cin data. Kamfanin da ke yin BlackBerry ya yi suna tun farkon shekarun 2000 da kawo wasiƙun imel kai tsaye ba tare da an je nema ba. Amma wanda ya mai da abin ƙa'ida ga dukan manhajoji shi ne Apple, wanda ya buɗe hidimarsa mai suna APNs cikin Yuni 2009. Google ya biyo baya cikin 2010 da tasa, ya sake mata fasali cikin 2012, kana cikin 2016 ya mai da ita Firebase Cloud Messaging, da sunan wani kamfani da ya saya cikin 2014. Dabarar duka ɗaya ce: a sallami masinjojin nan talatin, a bar guda ɗaya tak, na babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, ya riƙe layi ɗaya a buɗe dare da rana tsakanin wayar da kwamfutocin Apple ko na Google. Duk mai saƙo sai ya kai can, su kuma su turo ta wannan layi.

Wannan ya kawo mu ga gaskiya ta farko wadda masu ba da kwangila ba safai su ke saninta ba. Sabar jami'a ba ta da hanyar yin magana da wayar ɗalibi kai tsaye idan manhajar tana rufe. Tilas ta bi ta gidan wayar Apple in wayar iPhone ce, ko ta gidan wayar Google in Android ce.

To, mene ne kuma manhaja mai gida biyu? A da, wanda ke son manhajarsa ta yi aiki a kan iPhone da Android sai ya rubuta ta sau biyu, da harsunan kwamfuta daban daban, sau da yawa ma da ma'aikata daban daban. Don a rage wannan wahala aka fito da kayan aikin da mutum zai rubuta sau ɗaya ya ci tudu biyu. Facebook ya fito da React Native cikin 2015, Google ya fito da cikakkiyar Flutter cikin Disamba 2018. Microsoft ma yana da nasa, Xamarin, wanda ya saya cikin 2016, ya kuma daina kula da shi cikin Mayu 2024 bayan ya maye gurbinsa da .NET MAUI. Waɗannan kaya suna da amfani ƙwarai wajen zana shafuka da maɓallai. Amma fa sanarwar sallama ba a cikin shafukan manhaja ta ke zaune ba. Tana hannun babbar manhajar wayar, kuma a nan kowane gida yana da al'adarsa. Abin da Flutter ko React Native ke bayarwa ɗan tafinta ne, watau ƙaramin kayan haɗi da a ke ƙarawa, mai isar da magana tsakanin rubutunka da gidajen biyu. Tafinta kuwa ba ya ɗauke wa baƙo gaisuwar maigida. Sai ka je ka yi rajista a gida biyu, ka karɓi izni iri biyu, ka yi gwaji a waya biyu.

Abin da yawancin masu wannan aiki ke yi shi ne su ɗauki Firebase a matsayin dillali. Sabar jami'a ta miƙa saƙo ga Firebase. In na Android ne ya kai da kansa, in na iPhone ne ya miƙa wa APNs. Ba a biyan kuɗin wannan aike. Sai dai kafin Firebase ya iya magana da Apple da sunanka, sai ka ba shi shaidar da Apple ya ba ka, ita kuwa ba ta samuwa sai ga mai rajistar masu rubuta manhaja, wadda a ke biyan dala 99 kowace shekara. Shaidar iri biyu ce. Akwai tsohuwar hanya ta satifiket, wanda ke mutuwa bayan shekara guda. Akwai kuma mabuɗi, wanda aka fito da shi cikin 2016, ba ya mutuwa sai mai shi ya soke shi, amma sau ɗaya kawai Apple ke bari a sauke shi.

A nan zan ɗan tsaya, domin ma'aikatan gwamnati da ke zaune a gaba. Na taɓa taimaka wa wata ma'aikata, ba zan faɗi sunanta ba, wadda sanarwarta ta ɗauke ɗif a kan duk wayoyin iPhone rana ɗaya, alhali ta Android tana tafiya lafiya lau. Aka yi kwana uku ana zargin sabis, ana zargin saba. Ashe satifiket ne ya cika shekara. Da aka je sabuntawa sai aka tarar rajistar da sunan ɗan kwangila aka yi ta, shi kuwa tuni ya yi gaba, lambarsa ma ba ta shiga. Saboda haka shawarata ita ce a rubuta cikin takardar kwangila cewa rajistar Apple da ta Google da sunan ma'aikata za a yi su, da adireshin imel na ofis, kuma a miƙa mabuɗan ga jami'in da aka naɗa kafin a biya kuɗin ƙarshe. Haka kuma a ware kuɗin kula, domin kamfanonin nan suna rufe tsofaffin hanyoyi. Apple ya rufe tsohuwar hanyar aikensa a ƙarshen Maris 2021, Google kuma ya rufe tasa cikin 2024. Duk manhajar da ba a gyara ba a lokacin, bakinta ya mutu.

Yanzu sai adireshi. Gidan waya ba ya kai wasiƙa sai da lambar akwati. Sa'ad da ɗalibi ya buɗe manhajar karo na farko, sai ta nemi wata doguwar lamba daga Google ko Apple, wadda ke nuna wannan manhaja a kan wannan waya kaɗai. Aikin manhajar ne ta aika da lambar nan ga sabar jami'a, a ajiye ta kusa da sunan ɗalibin. Abin lura shi ne lambar ba ta dawwama. In ɗalibi ya goge manhajar ya sake sa ta, ko ya share bayananta, ko ya sayi sabuwar waya, lambar ta canja. Don haka lalle ne manhajar ta riƙa aika lambar duk sa'ad da ta canja, saba kuma ta riƙa share duk lambar da Google ko Apple suka ce ta mutu. Mutum ɗaya yana iya zama da lamba biyu ko uku, in yana da waya biyu ko uku. Akwai kuma wani kuskure da na ke ganinsa ya fi kowanne muni a ƙasarmu, inda waya kan wuce daga wa zuwa ƙane, ko a ari ta aboki a duba sakamako. In ɗalibi ya fita daga asusunsa amma ba a raba lambar da sunansa ba, to, ranar da sakamako ya fito, a wayar wani za a yi sallama da shi.

Daga nan sai izni. Tun 2009 iPhone ba ta barin manhaja ta nuna sanarwa sai mai wayar ya yarda, kuma sau ɗaya tak a ke nuna masa tambayar. In ya ce a'a, manhajar ba ta da ikon sake tambaya. Sai dai shi ya shiga saitin wayarsa da kansa ya buɗe. Android ta daɗe ba ta tambaya, sai cikin 2022, da fitowar Android 13, ita ma ta shiga sahu. To, abin mamaki, har yanzu za ka ga manhaja tana jefo wannan tambaya a daƙiƙar farko da aka buɗe ta, tun mutum bai san ko ita wace ce ba. Wannan daidai ya ke da baƙon da ya nemi makullin gida tun kafin a ba shi ruwa. Abin da ya fi shi ne a jira sai ɗalibi ya gama rajistar kwasa-kwasansa, sa'an nan a nuna masa shafi da Hausa ko Ingilishi mai sauƙi cewa: in an canja ɗaki ko lokacin jarrabawarka, kana so mu sanar da kai? In ya ce i, sai a fito masa da tambayar ainihi. In ya ce ba yanzu ba, ba a yi asarar damar nan guda ba.

Wurin da masu koyo suka fi shan wuya shi ne halin da manhajar ke ciki sa'ad da saƙo ya iso, domin hali uku ne. Ko dai tana buɗe a gaban mai ita, ko tana ɓoye a baya, ko kuwa an rufe ta gaba ɗaya. Saƙon ma iri biyu ne a tsarin Firebase. Akwai wanda ke ɗauke da kai da jiki a shirye, wanda wayar da kanta ke nunawa ba tare da ta tashi manhajar ba. Akwai kuma saƙon bayani zalla, wanda a ke miƙa wa manhajar ta yi abin da ta ga dama da shi. Na farko, in ya tarar da manhajar a buɗe, ba ya bayyana da kansa. Hannun manhajar a ke danƙa shi, in mai rubutu bai tanadi abin da za a yi ba sai ya wuce shiru. Sau nawa ɗalibi ya zo mini yana cewa, Malam, abin ya ƙi, alhali yana gwaji ne da manhajar a buɗe a hannunsa! Na biyu kuwa ya fi ba da 'yanci amma ya fi rashin tabbas, musamman a iPhone, inda Apple ke ƙayyade irin wannan saƙo na shiru, yana ba da shawara kada ya wuce biyu ko uku a awa, ba ya kuma kai shi in mai waya ya share manhajar da yatsa daga jerin waɗanda ke aiki. Saboda haka sanarwar canjin ɗakin jarrabawa irin ta farko ya kamata ta zama, a haɗa mata da ɗan bayanin da zai sa in an taɓa ta, shafin jarrabawar ya buɗe. Wannan taɓawar ma sai an gwada ta a hali ukun, don sau da yawa tana aiki in manhajar na baya, ta kuma kai mutum shafin farko in daga rufe ta tashi.

A Android akwai ƙarin abu guda. Tun daga Android 8 ta 2017, kowace sanarwa sai an sa ta cikin wani rukuni mai suna, mai waya kuma yana iya rufe rukuni ɗaya ya bar ɗaya. Mai hankali sai ya ware rukunin jarrabawa daban da na labaran wasanni da tarurruka. Wanda ya zuba kome cikin ƙwarya ɗaya, ranar da ɗalibi ya gaji da labarin ƙwallo, har da jarrabawar zai toshe.

Yanzu na zo ga gaskiya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: Apple da Google ba su yi alkawarin kai kowane saƙo ba, iyakarsu ƙoƙari. In waya na kashe ko ba data, Firebase kan ajiye saƙo har mako huɗu in ba a ce masa wani abu ba. Apple kuwa saƙo ɗaya ya ke ajiye wa kowace manhaja, sabo ya ture tsoho. Duka biyun suna da illa ga misalinmu. Saƙon da ke cewa jarrabawar yau ta koma wani ɗaki, in ya iso bayan kwana biyar, ruɗani kawai zai kawo. Don haka mai aikawa ya sa masa wa'adin awa biyu, kuma ya rubuta kwanan wata a ciki maimakon kalmar "yau". Bugu da ƙari, tun 2015 Android tana da tsarin barci, wanda ke jinkirta saƙonni in an ajiye waya an daɗe ba a taɓa ba. Saƙon da aka yi wa alamar gaggawa shi ke iya ta da ita, amma wanda ya mai da kowane saƙo na gaggawa, Google kan rage masa daraja.

Daɗin daɗawa, masu ƙera wayoyin Android da yawa suna ƙara nasu tsarin tattalin batir, wanda kan kashe manhaja kisan da saƙo ba ya shigarta sai an sake buɗe ta da hannu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a nan mutane na ririta caji saboda rashin wuta, suna kashe data saboda tsada, suna kunna duk wani abin tattali da wayar ke da shi. Wayoyin da suka fi yawa a hannun ɗalibanmu su ne Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion, da ƙananan Samsung da Redmi. Wanda ya gwada manhajarsa a kan babbar wayarsa shi kaɗai, cikin ofis mai intanet kyauta, bai gwada kome ba. Ya ari ƙaramar waya mai shekara uku, ya bar ta ta kwana a aljihu, sa'an nan ya aika. Wayoyin Huawei da aka yi bayan takunkumin Amurka na 2019 kuwa ba su da hidimomin Google sam, suna da nasu gidan waya daban. A ofisoshi kuma, in mai kula da intanet ya toshe ƙofa mai lamba 5223 ta Apple, ko 5228 zuwa 5230 na Google, sanarwa na iya yin jinkiri ko ta ƙi shiga a kan layin ofis, mutum na fita waje su zubo gaba ɗaya.

Abin da ya biyo bayan wannan a fili ya ke. Magatakarda ba zai dogara ga sanarwar sallama kaɗai ba. Labarin ya kasance a cikin manhajar ga duk wanda ya buɗe, a aika tes ga waɗanda ba a ga alamar sun buɗe ba bayan rabin awa, a kuma tsai da mutum a ƙofar tsohon ɗakin. A nan ma akwai abin da ya shafi harshenmu. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗi ya ninku. Sanarwar sallama ba ta da wannan cikas. Iyakarta bayit 4,096, harafi mai lanƙwasa kuma bayit 2 ya ke ci, saboda haka babu hujjar rubuta "kofa" a inda a ke nufin ƙofa.

Sauran maganar sirri. Tun da saƙon ta hannun Apple da Google ya ke bi, abin da aka rubuta a ciki, in ba a kulle shi ba, ya ratsa ta kwamfutocinsu. Cikin Disamba 2023 wani ɗan majalisar dattijai na Amurka, Ron Wyden, ya bayyana cewa gwamnatoci suna neman bayanan irin waɗannan sanarwa daga kamfanonin biyu. Manhajar Signal ba ta sa kome na magana cikin saƙon da ta ke turawa. Tada wayar kawai ta ke yi, wayar ta je ta ɗauko maganar ta hanyar da ke kulle. Ko da babu wannan, sanarwa kan fito a fuskar waya tana kulle, a kan tebur, a gaban kowa. Saboda haka a rubuta "sakamakonka ya fito", kada a rubuta makin. Asibiti kada ya rubuta sunan cuta, ofishin albashi kada ya rubuta adadi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yuni 2023, kuma hukumomin gwamnati ba su fita daga cikinta ba. Mabuɗin aikawa kuwa a saba ya ke zama. Wanda ya cusa shi cikin manhajar da kowa ke saukewa ya raba wa duniya hatimin ofis.

Hatta mai mabuɗin na halal yana bukatar linzami. Cikin Fabrairu 2020 masu wayoyin Samsung a ƙasashe da dama suka ga wata sanarwa da ba ta ƙunshi kome ba sai lamba 1. Kamfanin ya ce gwajin cikin gida ne ya kuɓuce. In wannan ya sami kamfani irin wannan, to, ofishin magatakarda ya raba wurin gwaji da wurin aiki, ya kuma sa dokar cewa saƙon da zai je ga dukan ɗalibai sai mutum biyu sun sa hannu, ɗaya ya rubuta ɗaya ya duba, kamar yadda a ke yi wa takardar biyan kuɗi. A kuma rubuta wanda ya aika, da lokacin, da rukunin da aka aika wa, domin ranar da ɗalibi zai zo gaban kwamiti ya ce ba a sanar da shi ba.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokacina ya cika. Ɗaliban da ke son ganin aikin da idonsu, na zo da waya biyu da kwamfuta, za mu aika saƙo mu gani a hali ukun nan bayan an gama tambayoyi.